Taliyar Sista Laraba

A shekarun da aka gama dam ɗin Goronyo aka fara sako ruwa gonakin rani, babu macen da ta isa ta yi wa Habi gardama a kan shinkafa a unguwarmu. Ni Zinariya maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba. Waina, sinasir, tuwo, dafa-duka, duk wanda ta ɗora sai ka ga mutane sun tuna ba su shigo gaisuwa ba. Ita ma ta san haka, kuma ba ta ɓoyewa. Takan ce shinkafa ko daga wace uwa duniya aka kawo ta, in ta shiga tukunyarta dole ta yi ladabi. Mijinta Mu'azu, wanda ke buɗe wa manoma ƙofofin ruwa, ya daɗe da daina musu da ita, tunda shi ke cin riba.

A ƙaramin asibitin ma'aikatan dam akwai wata ungozoma 'yar ƙasar Filifin, 'yar gajeriya mai saurin tafiya. Sunan da iyayenta suka raɗa mata Nenita, amma bakinmu ya kasa. Habi ce ta tambaye ta ranar da aka haife ta, ta ce Laraba, shi ke nan ta zama Sista Laraba har wajen likita. Tsakaninsu ba ƙawancen gaisuwa ba ne. Habi ta yi haihuwa biyu babu rai, a ta uku yaro ya zo a gicciye, Sista ce ta tsaya a kanta har Allah ya fito da Abubakar yana tsala kuka. Tun daga ranar kwanon Habi bai daina zuwa gidan Sista ba, kuma Sista ta koyi al'ada, ba ta taɓa maido shi wayam ba, ko alawa ce sai ta saka. A lokacin da nake ba da labari Habi na da wani cikin, ya tsufa, kuma ta riga ta faɗa wa kowa hannun da zai karɓi haihuwar.

Ruwan dam ya kawo albasa da shinkafa, ya kuma kawo sauro. Zazzaɓi ya kayar da Sista. Magani ya kori zazzaɓin, amma ya bar ta ba ta son ko ƙamshin abinci. Habi ta aika kunun gyaɗa, ya dawo. Ta aika farfesun zabo, ya dawo da maiƙonsa a daskare. Ta aika wainar da ko mai azumi sai ya kau da kai, ta dawo ba a taɓa ba. Na san Habi tun tana amarya, ban taɓa ganin kwanonta ya dawo a cike ba, kuma na ga abin ya ba ta haushi kafin ya ba ta tsoro. Tsoron ya zo ne da Mu'azu ya kawo labarin da ya ji wajen likita: in Sista ba ta fara ci ba kafin motar ma'aikata ta tashi zuwa Sakkwato, za a tafi da ita, daga can kuma sai ƙasarsu. Wanda aka mayar gida a kan ciwo ba ya dawowa.

Muka ja mayafi muka tafi. Muka tarar da Sista ta juya wa ƙofa baya, ta rame har agogon hannunta yana zamewa. Habi ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta sake lallashi. Abin da kawai Sista ta ce shi ne bakinta ba ya son komai sai girkin uwarta, uwar kuma tana bayan teku. Habi ta wuce ɗakin girkin Sista ta hau bincike kamar gidan ubanta. Ta fito da dunƙule biyu na wata farar taliya siririya mai ƙyalli, da kwalba mai ɗan guntun baƙin ruwa a gindinta.

Taliyar ba baƙuwa ba ce a idonmu. Wata rana Sista ta taɓa dafa ta don murnar zagayowar ranar haihuwarta, ta ce sunan girkin fansit, da garin shinkafa ake yin ta, kuma a garinsu ba a yanka ta a irin wannan rana, don tsawonta fatan tsawon rai ne. Habi ta yi dariya ta ce kwana na Allah ne, taliya ba ta ƙara wa kowa. Ba ta ci ba ranar, don ba ta san naman da ke ciki ba, ta ce ta ƙoshi. Amma idon mai girki ba ya ƙoshi, ta ƙare wa farantin kallo.

A hanyarmu ta komawa gida na ce wa Habi da ta tambayi Sista yadda ake yi. Ta dube ni sheƙeƙe.

"Zinariya, shinkahwa ta. Mi za ni tambaya?"

Ta hura wuta, ruwa ya tafasa. Ta ɗauki dunƙule ɗaya ta kakkarya shi ƙas-ƙas a kan faifai yadda kowace mace a Goronyo ke yi wa taliyar alkama, ta zuba, ta rufe, ta koma yankan albasa tana ba ni labarin wata da ta ƙona tuwon suna a Gandi. Da ta buɗe tukunya, babu taliya babu dalilinta. Wani abu ne fari ya dunƙule, ya wuce koko bai kai tuwo ba. Ni dai Allah ya gani dariya ta ƙwace mini, har da riƙe ciki, don shekara da shekaru nake jiran ranar. Sai na dubi fuskarta na haɗiye sauran. Ba kunya ce a fuskar ba, lissafi ne: saura dunƙule ɗaya, kuma ko Sakkwato aka je ba za a samo wani ba.

Na ce to yanzu sai a koma a tambaya. Ta ce mace na kwance ba ta iya ɗaga kai, ba za ta je ta tsaya a kanta tana neman darasi ba. Ta janyo faifan nan, ta tattara ɓurɓushin da ya zube lokacin karyawa, ta watsa a ƙaramin kwano da ruwan randa, ta zauna ta zuba masa ido kamar mai jiran kaza ta yi ƙwai. Can ta sa yatsa ta murza. Ya yi laushi, ba wuta ba komai.

"Ashe an riga an dahwa ta can," ta ce. "Ni ce nib bi ta da wuta awa alkama. Jiƙo taka so, irin na waina."

Daga nan Habin da na sani ta dawo. Ta sa Mu'azu ya yanka kaza, ta dafa ta da citta, ta zare naman siri-siri ta ajiye romon. Ta aike shi lambu ya tsinko kabeji da karas, ta ɓare tafarnuwar Wurno mai yawa don ta tuna ƙamshinta ne ya fi tashi a farantin Sista. Kwalbar baƙin ruwan kuwa sai da ta sa shi ya karanta rubutun jikinta kaf, ya tabbatar mata wake ne da gishiri, babu giya babu alade. Ta ɗiga a yatsa ta lasa, ta ce wannan ai ɗan'uwan daddawa ne da ya yi boko. Da yake guntun ba zai isa ba, ta jiƙa daddawa ta tace ta ƙara.

Dunƙule na ƙarshe ta kwantar da shi a babbar roba da ruwa, bai daɗe ba ya saki jiki. Ta soya tafarnuwa da albasa a faffaɗan kasko, ta zuba nama da ganye, ta kwarara romo, sannan ta kamfato taliyar da hannu biyu. Tsawonta ya ba ni mamaki, tana ta zuwa ba ta ƙarewa, har tana reto a gefen kasko. Na miƙa wuƙa don in rage mata aiki. Ta buge mini hannu da ludayi, da zafi kuwa, ba ta ko dube ni ba. Ta riƙa ɗagawa tana juyawa a hankali har taliyar ta shanye romon ta yi launin ƙasa-ƙasa, ta sauke tun kabejin yana da sauran ƙarfi. Ta yanka lemun tsami biyu ta ɗora a gefe, don haka ta gani a farantin.

Da muka shiga, Sista na nan yadda muka bar ta. Habi ta ajiye kwanon kusa da gado ta buɗe murfi kawai. Ɗakin ya cika da tafarnuwa. Sai muka ga kafaɗar Sista ta motsa, ta juyo, ta dubi kwanon ta daɗe. Na tallafe ta ta zauna. Ta matsa lemun tsami da kanta, ta soka cokali mai yatsu ta ɗaga, taliya ta biyo, ta ƙara ɗaga hannu, ba ta yanke ba, har hannun ya wuce kanta. Nan hawaye suka zubo mata. Ni ma na ji nawa, ban ɓoye ba.

Ta ci loma ɗaya, ta ci ta biyu. Ta tsaya ta ce da Hausarta mai gargada ba irin na mamarta ba ne, akwai wani abu mai wari a ciki. Na ga Habi ta fara kumbura, na taka mata ƙafa. Sista ta ja kwanon ta ɗora a cinyarta ta ci gaba da ci, ba ta sake ɗaga kai ba sai da ta yi rabi.

"Habi," ta ce, "ba ki yanka ba."

Habi ta gyara mayafi a kan cikinta. "Kwana na Allah na, Sista, na hwaɗa miki. Amma ke kwance, ni ba ni karya ta da hannuna."

Motar ma'aikata ta tashi zuwa Sakkwato da buhunan albasar direba, ba Sista a ciki. Kwanon kuwa ya dawo gidan Habi wayam, ko alawa ɗaya babu, karo na farko tun da suka san juna. Habin da ke iya yin mako tana mitar wadda ta maido mata kwano haka, ita ce ta leƙo ta kan katanga tana nuna mini cikinsa. Ba ta sake zuba komai a kwanon ba sai ranar da Sista Laraba ta karɓi haihuwarta, ta miƙo mata jaririyarta, sannan Sistar ta ce tana jin yunwa.