Bindiga ta Taga

Shekara talatin tsohon maharbin nan bai harbi ko zomo ba, amma duk shekara sai ya sabunta lasisin bindigarsa. Bana aka ce sai an kawo ta an duba lambar jikinta. Ya saɓo ta ya zo ofishin lasisi, mai gadi ya tare ƙofa.

"Baba, ba a shiga da makami."

"Ku ne fa kuka ce in kawo ta!"

"Wannan dokar ciki ce. Ni tawa ta ƙofa ce."

Tsoho ya ja tsaki, ya zagaya baya, ya tarar da tagar akawu a buɗe. Ya zura bakin bindigar daidai hancin akawun, don ya ga lambar da kyau.

"Ɗana, duba mini."

Akawu bai duba komai ba. Nan take ya buga hatimi, har da "A sauka lafiya, Baba." Aikin sati uku ya ƙare kafin tsoho ya gyara hula.

Ya tafi yana mamakin ladabin yaran zamani. Gobe ma zai rako ƙanwarsa, wadda takardun fanshonta suka shekara biyu a taga ta gaba.