Kalandar Zuri'ar Malam Gambo

Fuskoki bakwai ne a jere a kan allon kwamfutar, kowacce cikin akwatinta mai faɗin santimita takwas da tsawon goma. A samansu kuma marigayi Malam Gambo Maiturare ne yake kallon duniya da rawaninsa da ya karkace gefe guda. Waɗannan bakwai ɗin su ne 'ya'yansa, aikin kuwa kalanda ce da za a raba a taron zumuntar zuri'arsa bayan Babbar Sallah.

Adawiyya, jikarsa, ta sha wahalar hotunan nan. Wani an yanko shi daga hoton biki, wani na fasfon Hajji ne, na Goggo Indo ma da rabin kunne ya iso. Ba akwatunan kawai ta daidaita ba. Kowane kai sai da ta auna shi daga haɓa zuwa goshi, ta danna ɗan kwaɗon nan da ke ɗaure faɗi da tsawo don kada fuskar wani ta miƙe ko ta baje, sannan ta ja siririn layi daga wannan gefe zuwa wancan har idanun bakwai ɗin suka hau kansa. Ta jera su bisa haihuwa. Na farko mahaifinta ne, Malam Datti, manomi a Madadi, da hularsa da wanki ya cinye wa launi.

Da hantsi motar Alhaji Badamasi ta tsaya a ƙofar shagon Adawiyya, a bakin titin Gwarzo. Ƙanin mahaifinta ne, na biyar a jerin, dillalin hatsi da takin zamani a Kabo. Shi ya ɗauki nauyin taron da kalandar. Shi ne kuma ya saya mata kwamfutar nan lokacin da ta gama karatu, kyautar da ba a taɓa yin zaman dangi ba tare da ya tuna wa jama'a ita ba.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi gida da kasuwa da mutanen Kabo, ya amsa yana leƙen allo. Alhaji bai yarda da lambobin da ke gefen allon ba. Ya buɗe yatsunsa ya auna hotonsa da ɗani, ya ɗauki hannun a sandare kamar mai ɗauke da ƙwai, ya ɗora a kan na yayansa. Daidai suka zo. Ya sake gwadawa da na Goggo Indo, nan ma daidai. Fuskarsa ta canza.

Ya ce ba haka ake kalanda ba. A ko'ina aka duba, wanda ya ɗauki nauyin abu shi ake sa wa babban hoto a tsakiya, a ƙarƙashin mai gida, sauran su kewaye shi. A ninka nasa. Na Yaya Datti kuwa, tunda hular ba ta da kyan gani kuma baƙi za su zo daga Kano, a rage shi a mayar da shi can ƙasa kusa da jadawalin watanni.

Adawiyya ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ta san labarin da kowa ya sani a gidansu amma ba a faɗa: da Malam Gambo ya rasu, Datti ne ya ajiye allon karatunsa ya ɗauki fartanya, ya ciyar da ƙanne shida har kowa ya kama gabansa. Shi kaɗai ne bai je ko'ina ba. Kuma kalanda ba takardar ƙosai ba ce da za a yar da yamma. Shekara guda za ta yi a bangon kowane gida na zuri'ar, jikokin da ba su san komai ba su tashi suna ganin wane ne babba, wane ne ɗan mitsitsi a ƙasa.

"Baffa, a yi mini afuwa," ta ce, kanta a sunkuye. "Zan gyara maka komai, har launin rigarka. Amma ba zan rage Baba ba."

Alhaji ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. Ya tuna mata cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya ɗan bubbuga kan kwamfutar da mukullin mota, ya ce kayan da mutum ya saya da hannunsa bai manta hanyar ɗaukarsu ba, kuma akwai masu irin wannan aiki a Kabo da ba su da dogon baki. Zai dawo bayan Azahar.

Tsoro ya kama ta, ba ƙarami ba. Kwamfutar nan ita ce shagon, shagon kuwa shi ne abin da ya sa take fita da safe ana ce mata sannu da aiki. Amma haushin ya fi tsoron yawa. Ta zauna ta zuba wa allon ido, ba ta taɓa komai ba.

Alhaji ɗan kasuwa ne, ya san inda ake kama akuya. Da ya dawo ba shi kaɗai ya dawo ba. Har Madadi ya je ya ɗauko yayansa daga gona, ga ƙasa ma a dugadugansa. Malam Datti ya zauna a bakin benci a takure, kamar wanda ya zo asibiti. Ya kira ta da Uwata, don sunan mahaifiyarsu aka sa mata. Ya ce ya ji abin da ya faru, kuma bai ji daɗi ba. Shi hoto bai taɓa ƙara masa damin dawa ba. Babba juji ne. Alhaji ya yi wa zuri'a hidima, a ba shi abin da yake so. Yadda ya ce "Alhaji" ɗin nan, shi da ya goya shi, ya fi komai ƙona mata rai.

"Ki rage ni, Uwata. Umarni nake ba ki."

Nan fa aka zo wurin. Ta iya yi wa Baffa gardama, amma ba a haife ta a gidan da ake mayar wa uba magana ba. Ta ce to, ta ja kujera.

Ta kama maus, ɗan linzamin kwamfutar, ta zagaye hotunan bakwai da layi ɗaya, ta ɗaure su suka zama abu guda. Sannan ta kai 'yar kibiyar da ke yawo a allon kusurwar hoton mahaifinta ta ja ciki a hankali. Malam Datti ya fara raguwa. Goggo Indo ta bi shi. Alhaji Badamasi ma, da babbar rigarsa da agogonsa, ya bi sahu. Lambar faɗi ta sauko daga takwas zuwa shida, zuwa biyar, idanunsu na nan a kan layi ɗaya. Ta saukar da jerin duka zuwa ƙasa, kusa da watanni, daidai inda aka ce a kai mahaifinta.

Fili ya buɗe a tsakiyar kalandar, fari fat. Kafin Alhaji ya buɗe baki ta danna hoton Malam Gambo, ta ja kusurwarsa waje. Tsohon ya yi ta girma har kafaɗunsa suka taɓa gefe da gefe, gemunsa ya sauko ya tsaya dab da kawunan 'ya'yansa. Hoton tsoho ne, amma ta kwafe shi cikin kwamfutar da kyau tun farko, bai fashe ba. Har tabon sallar goshinsa ya fito.

Malam Datti ya miƙe tsaye bai sani ba. Rabonsa da ganin fuskar mahaifinsa da wannan girman tun ranar da ya yi masa wankan gawa. Ya matso kusa da allon, leɓɓansa suna motsi da addu'a.

Alhaji ya ce wannan wasan yara ne, shi ba haka ya ce ba. A fitar da nasa daga cikin jerin a ƙara shi, a sa a tsakiya.

Adawiyya ta cire hotonsa daga ɗaurin ba musu. Ta nuna masa lambobin: takardar faɗinta da tsawonta ƙayyadaddu ne, injin bugawa ba ya ƙara ko rabin santimita don wani. Tsakiya kuma yanzu da mai ita. In ana so hotonsa ya ninku, sai dai a rage Malam Gambo, ko a ɗora shi a kan ƙirjin Malam ya rufe gemun. Ta danna hoton kakan, ƙananan ɗigo suka bayyana a kusurwoyinsa huɗu. Ta ajiye kibiyar a kan ɗaya, daidai gefen rawanin. Sai ta tashi daga kujerar, ta juya ta wajen Alhaji, ta tura masa maus ɗin da hannu biyu cikin ladabi.

"Baba ya ce in rage shi, na rage shi. Wannan kuwa ni jika ce, hannuna ba zai iya ba. Ga shi, Baffa. Ka danna nan ka ja ciki, yanzu zai ƙanƙance."

Alhaji ya zauna, don tsayuwar ta fi zaman wuya. Ya ɗora hannunsa mai zobe a kan maus ɗin. Kibiyar tana nan a gefen rawanin. Ya dubi yayansa ko zai ce wani abu, amma Malam Datti bai ma san ana yi ba, idonsa na kan fuskar mahaifinsu. Alhaji ya dubi allon, tsohon ya dube shi. Gumi ya tsattsafo masa a ƙarƙashin hula.

Ya janye hannunsa ya sa a aljihu. Ya miƙe yana gyara riga, ya ce shi ba shi da lokacin wannan shirme, a buga yadda aka ga dama. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba, ya ce kwamfutar kuwa gobe zai aiko a ɗauka.

"Allah ya kai mu, Baffa," in ji Adawiyya. "A zo da yamma, kafin nan na kai aikin wurin bugawa."

Ta koma kujerarta, ta mayar da hoton Alhaji gurbinsa na biyar, ta duba faɗinsa da tsawonsa sun yi daidai da na sauran, sannan ta adana aikin. Ba ta kuskure ko ɗigo ba.