Hular Kwanon Goggo Muoi

Shekara goma sha ɗaya a jere, hoton da Khiem mai shagon hoto ya ɗauka ne a fuskar kalandar da ƙungiyar manoman garinsu ke rabawa gab da bikin sabuwar shekara. Har ya daina kallon abin a matsayin gasa. Bana sai aka zaɓi na Loc.

Loc ɗin nan tsohon masinjan gidan waya ne, wanda bara war haka bai san inda ake danna kyamara ba. Khiem ne ya ba shi tsohuwar tasa da ya ga zaman ritaya na neman kassara shi, shi ne kuma ya koya masa kada ya fuskanci rana. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Abin da ya fi ci masa rai, rana ɗaya suka ɗauka, kuma mace ɗaya. Sun iske Goggo Muoi, wata tsohuwar manomiya, tana shanya shinkafa a gefen kwalta, manjagara a hannu, jar hular kwanonta ta babur a kai, duk ta tsattsage. Khiem ba ya yawo sai da sabuwar malfa ɗaure a bayan babur saboda irin wannan. Kamar yadda ya saba duk lokacin kaka, ya sa ta cire hular ta ɗora malfar, ya kawar da bokitin roba, ya jira babbar mota ta wuce, sannan ya ɗauka. Ashe tun yana kwance igiyar malfar Loc ya danna tasa: tsohuwa da hular kwano, baki buɗe tana zagin agwagwa, mota na tahowa a bayanta. Wannan kwamacalar alƙalan gasar suka zaɓa.

Kuma duk garin Khiem kaɗai ke da injin wanke babban hoto. Loc ya kawo masa hoton har shago, yana sosa ƙeya, wai za a kafa a zauren ƙungiya.

"Yaya Khiem, sa'a ce kawai. Ni me na sani?"

"Ai na ga alama," in ji Khiem. "Ko bokitin ba ka iya kawarwa ba."

Loc ya yi dariya ya tafi. Khiem ya zauna gaban injin, hassada na cinsa, ya kuma san hassadar ce. Ya rage hasken kaɗan, yadda fuskar za ta dushe ba tare da kowa ya gane hannunsa ba. Da takardar ta fito ya daɗe yana dubanta. Ko a dushen ma ta fi tasa rai. Ya yage ta, ya sake wankewa yadda ya kamata, don ba zai yarda a ce mummunan aiki ya fito daga shagonsa ba.

Washegari da hantsi Goggo Muoi ta tsaya da babur a ƙofar shagon, ta ce an gaya mata ta shiga kalanda. Ta tsaya gaban hoton, ta yi ta dariya har tana share hawaye.

"Yawwa, wannan ni ce," ta ce. "Waɗanda kake ba ni duk shekara suna nan a bango, ɗana, na gode. Amma jikokina tambayata suke yi wace ce waccan baiwar Allah mai malfa."

Ta ciro malfarsa daga kwando ta miƙa masa, wai ya manta ta a wurinta tun ranar. Ta ɗaure hular kwanon a haɓa, ta tayar da babur.

Hasken hantsi ya sauka a kan jar hular daidai yadda mai hoto ke roƙo. Kyamara na wuyan Khiem, yatsansa har ya kai kan madanni. Sai ya sauke hannu. Ko ya ɗauka, kwaikwayon hoton Loc ne.