Firijin Dakta da Ƙarfe Ɗaya

Ogechi ba ta da mota, ofishinta kuwa wani lungu ne a bayan shagon kawunta mai gyaran janareto a Kakuri, amma dai tana da kamfani. Hajarta wata 'yar na'ura ce da ba ta fi kwalin ashana ba. A manna ta cikin firiji, da zarar sanyi ya ragu sai ta turo saƙo a waya.

Wurin farko da ya yarda ya gwada ta wani ɗakin bincike ne a Gonin Gora, inda Dakta Istifanus ya shekara uku yana tara samfurin cutar da ke ruɓar da citta a cikin babban firiji. Sati biyu ya ba ta. In na'urar ta yi abin kirki, zai sayi guda takwas a sa a sauran firiji takwas.

Sai na'ura ta tsiro da hali. Kullum bayan ƙarfe ɗaya sai ta kama ƙorafi wai firiji na ɗumi, zuwa ƙarfe uku ta yi tsit.

"Madam," in ji Dakta a waya, "firijin nan a kan sola yake, bai san ana ɗauke wuta ba. Abin nan naki ƙarya yake yi. Ranar Juma'a ki zo ki cire."

Hankalin Ogechi ya tashi sosai. Ta canza na'urar, sabuwar ma ta ɗora daga inda tsohuwar ta tsaya. Ranar Alhamis tun sha biyu ta je ta samu kujera a kusurwa, ta zuba wa firijin ido.

Ƙarfe ɗaya daidai sai ga Dakta yana fito, butar shayi ta lantarki a hannu. Ya zura hannu bayan firijin ko dubawa bai yi ba, ya zare filogi, ya jona butarsa. Da ruwa ya tafasa ya maye gurbinta da cajar waya. Can wayar Ogechi ta yi ƙara.

"Kin ji ko? Ta fara," in ji Dakta.

"Dakta, filogin me ka cire?"

"Na tsohuwar firintar can. Ta dade da mutuwa."

Ogechi ta haɗiye dariyarta, don akwai ma'aikata biyu a ɗakin. Sai da suka fita cin abinci ta durƙusa ta ɗago filogin da ke ƙasa, ta miƙa masa.

"Ranka ya daɗe, bi igiyar da hannunka."

Ya bi ta a hankali, ta kai shi har gindin firiji. Filogin firinta na can a jone, baƙi ne shi ma, irinsu ɗaya.

Dakta ya fizge cajarsa, ya mayar da na firijin. Ya dade tsaye yana sauraron gurnanin injin.

"Aikin shekara uku," ya ce a hankali, "saboda shayi."

Ogechi ta ciro jan salatif daga jaka ta naɗe filogin firijin don a riƙa gane shi.

"Madam," in ji shi, bai kalle ta ba, "guda takwas ɗin nan, gobe za su samu?"