Gurbin Fis

...kuma tun da fitila ta kama, ai ba batir ba ne. Wannan ko a barci na sani. Na danna makunni, ƙwai ya kawo tar, na murɗa kan famfo, shiru. Ko tari bai yi ba.

Malam, da kana raye da ka yi dariya. Matarka ce durƙushe a cikin ɗaki mai taya, a Riyad, da sukundireba a hannu. Karafan suke ce masa. Idrisu mijin jikarmu Jamilatu ne ya saya don fita sahara lokacin sanyi, su shimfiɗa darduma a rairayi su gasa nama... mutanen da ke da gida, wai sai sun kwana a daji. Ni dai ya yi mini rana. Tun da Balarabiyar da ke ƙasanmu ta hau sama tana ihu wai ruwan wankan jego na ɗiga mata ta rufi, na ce khalas, shi ke nan, a nan tsakar gida za mu riƙa yi. Ga tanki, ga gas, ga tukunyata.

Yau kuma babu ruwa. Hantsi ya ɗaga, ganyen darbejiya na bushewa a kwando, yarinya ba ta yi wanka ba.

Mai gadi ya kulle famfon waje ya tafi kasuwar Dira. Idrisu na can Birnin Masana'antu, sai la'asar. In hau bene da bokiti? Da waɗannan gwiwoyin? A'a. Inji ne, kuma inji ba ya yi mini gardama. Wa ya riƙe injin markaɗe a unguwarmu bayan ka kwanta ciwo? Wa ke kwance shi ta wanke ta mayar, maza na tsaye suna kallo? Ban san bihim ba, amma kunnena ya yi karatu.

Tanki tukuna. Ƙwanƙwasa... ƙum, ƙum. Cike yake, ni na sa tiyo jiya. Kan batir, ga farin gari ya taru kamar kanwa. A kankare, a ɗaure. Ba shi ne ciwon ba, amma ba na barin ƙazanta a bayana.

Jamilatu wai wankan nan ba ya yi. Uwarta Indo ma haka ta ce. Inna, asibiti sun hana. Ɗiyata, ƙuruciya a fuskarta, Jamilatu jaririya a cinya. Na bar ta da asibitinta, sanyi ya shige ta... ba a yi arba'in ba muka wanke ta, wankan da ba a tashi. Ni na goya Jamilatu. Ni na tauna na ba ta. Yanzu ta haihu a ƙasar mutane, a ce in zauna in naɗe hannu? Jirgi na hau saboda wannan tukunyar. Ni da ko Kaduna ban—

Ƙarƙashin kujera. Ga shi nan, ɗan injin turo ruwan, kamar ƙwaryar shan fura. In an buɗe ruwa gurnani yake yi, gurrr, har kujera na rawa. Na ɗora tafi a kai. Sanyi ƙalau. Da toshewa ya yi, da ya yi kuka, da ya yi zafi. Bari dai in duba matacin... tas. Ko ƙwayar rairayi babu. To ba ƙishirwa ke damunsa ba, wuta ce ba ta isa gare shi.

A bi waya. Ja da baƙa, sun bi ta bayan katako. Ɓera? Ina ɓera zai samu ƙarfin hali a wannan zafin. Babu tauna, babu ƙuna, babu warin roba.

Gogo, jinina yana hawa. Haka Jamilatu ta ce shekaranjiya, tana zaune a kan kujerar roba, tururi ya rufe ta, ina fyaɗa mata ganye. Gogo, jiri nake ji. Na ce jirin lafiya ne, miƙe bayanki. Wai ita nas. Nas a wurin Larabawa, a wurina kuwa yarinyar da na yi wa tsarki. Kunun kanwa ma na ga tana juyewa a wurin wanke kwanuka, ta ɗauka ban gani ba. Na ƙara damawa.

Ga akwatin fis a bayan ƙofa. Ranar da muka fara, Idrisu ya nuna mini, yana ta karanto rubutun jikin murfi. Na ce bar rubutu, nuna mini launi. Ja na fitila. Ruwan ɗorawa na firij. Shuɗi biyu, na sama na fanka, na ƙasa na ruwa. In ya ƙone, zaren cikinsa ya tsinke, a cire a sa wani. Abin da yaro ma... murfin na da santsi. Me ya kawo maiƙo a nan?

Na ƙasa babu.

Gurbi ne kawai, kamar an cire haƙori. Ya faɗo ne? Na shafa ƙasa, na ɗaga darduma. Fis yakan ƙone, Malam, amma ba ya tashi ya yi tafiya. Da ƙarfi ake zare shi, da yatsa biyu.

Yatsuna na wari. Man kaɗanya da kanumfari. Haɗina ne, daga gida na zo da shi a gwangwani, ni na murza wa Jamilatu a hannu da asuba. Ta ce bari ta sauka ta ɗauko zanin jariri da ta manta a karafan. Da ɗinki a jikinta ta sauko benen nan, tana dafa bango... ta dawo ta kwanta, ta ce sannu Gogo, ba ta dube ni ba.

Gyara ai ya ƙare. Na zare na fanka, ga shi a tafina, shuɗi, zarensa lafiya. In tura shi a gurbin nan, gurrr, ruwa ya zo, tukunya ta hau wuta, kafin azahar na gama da ita. Na iya. Wa ya ce ban iya ba?

Labulen tagarsu ya motsa. Tana tsaye da jaririn a kafaɗa, tana sauraro ko za ta ji gurnani.

Indo ta faɗa mini da baki, na ƙyale ta, na rasa ta. Wannan ta faɗa, ban ji ba, sai da ta...

Ɗan abu kamar ƙwayar gyaɗa. Malam, ya aka yi ya yi nauyi haka?