Malaman Aro

Aji tara, malamar lissafi ɗaya. Ɗalibai sun laƙaba mata Malama Alli, don kullum hannun rigarta fari fat. Dabararta ita ce ta cika allo a aji na farko, ta bar su suna kwafa, ta ruga na biyu. Kafin ta kai na uku, na farko ya zama kasuwa. Muryarta ta dishe tun bara, likita kuma ya ce in ba ta rage magana ba za ta rasa ta gaba ɗaya.

Sau huɗu tana rubuta takarda a turo mata abokin aiki, shiru kake ji. Saboda haka da aka ce sufeto zai zo ranar Laraba, har wani sanyi ta ji a ranta.

Ranar da safe ta tarar da baƙi uku a ɗakin malamai, kowa da jan biro a aljihu.

"Ranka ya daɗe, su wane ne waɗannan?" ta tambayi shugaban makaranta.

"Aronsu na yi daga makarantar tsallaken titi, na yini ɗaya. Haka kowa yake yi, Malama. So kike ya ga azuzuwa ba malami, a ce ban iya riƙe makaranta ba?"

"Ai babu ɗin ne."

"Ke dai hutar da maƙogwaron nan."

Sufeto ya zagaya, kowane aji da malaminsa, tsit. Ya leƙo nata.

"Malama, akwai matsala?"

Ta buɗe baki, iska kawai ta fito. Ga alli a hannunta, ga allo a bayanta. Ga kuma shugaba bayan sufeto, ya kafe ta da ido. Ba ta rubuta komai ba, abin da har yau take jin kunyarsa ke nan.

"Madalla," in ji sufeto, ya wuce.

Bayan mako uku takardar sakamakon ziyarar sufeto ta iso. Makarantar tana da rarar malamai, ta tsallaken titi kuwa an same ta da giɓi a wannan Larabar. Don haka an ɗauke malamin kimiyyar makarantarsu, an mayar da shi can.

Shugaba ya miƙo mata sabon jadawali, idonsa a kan tebur. Aji goma sha huɗu.

"Ki yi haƙuri, Malama. Ai kimiyyar ma duk lissafi ce. Kina da abin cewa?"

Tana da shi, amma ko ita ba ta ji abin da ta ce ba.