Fich ɗin da Kaka Ta Tauna

"To, bakin nawa guba ne ke nan?" in ji Kaka, ta tsaya ƙiƙam a ƙofar kicin.

"Ban ce haka ba, Umma," matar ɗanta ta amsa, kanta a ƙasa. "Cewa na yi a daina tauna masa."

Ni kuwa ina kan kujerar roba tsakanin firij da buhun shinkafa, jinjirinsu, jikan Kaka, a cinyata, ba ta inda zan zame. Aron rariya kawai ya sauko da ni daga ɗakina na haya da ke sama. To, da ɗan abin da na tsegunta wa yarinyar, uwar jinjirin, jiya a matakala. Allah na gani, abin da idona ya gani na faɗa: Kaka ta gatsi fich, ɗan itacen nan mai gashi-gashi a bawo, ta tauna, ta tura wa ɗan wata bakwai a baki da yatsa. Har da bawon. Ƙwallon kuma yana yashe a tabarma kusa da hannunsa.

"Nas ta ce a fere, a cire ƙwallon, a turara ya yi laushi, a murƙushe da cokali. In ya shaƙe fa, Umma?"

"Nas ɗin 'ya'yanta nawa? Mijin naki da bakin nan na ciyar da shi, ga shi nan ƙato, kujera ma tsoronsa take."

 Gobe yarinyar take komawa aiki, hutun haihuwa ya ƙare. Mijin yana can kan hanya da babbar mota, gidan na uwarsa ne, kuma duk garin ba ta da wanda za ta bar wa yaron sai Kaka.

"Wa ma ya gaya miki?" in ji Kaka.

Na duƙufa gyaran safar jinjiri, safar da ba abin da ya same ta.

"Umma, don Allah. Na murƙushe na sa a firij, ba shi kawai za ki yi gobe."

"Ban iya ba. Ki kai wa mai leƙen labule, tunda ta fi ni sanin raino," in ji Kaka, ta nuno ni da baki.

"Ni?" na ce. "Da wannan ciwon ƙugun nawa?"

Yarinyar ta dube ni, idonta cike da ƙwalla. Kaka ta fizgi mayafinta daga kan ƙusa, ta fice, ta buga ƙofar da ƙarfin da sai da cokula suka yi tsalle a kan tire.